Amsa kan White Sox: sayar da manya a tara yara ba shi kaɗai ke gyara ƙungiyar besbol ba

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce Chicago White Sox da kake goyon baya ta sha kashi sau 121 a kakar 2024, har ta goge mummunan tarihin New York Mets ta 1962 mai 120, sannan ta sake shan 102 a 2025. Kana so ka san ko hanyar da Houston Astros ta bi, wato ta sayar da manyan 'yan wasanta ta tara yara ta jira, za ta fishshe ku, da kuma shekara nawa za a yi ana jira.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa sai ya fara ajiye tunanin Firimiya a gefe. A gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162, kuma babu faɗawa gasar 'yan dagaji. Ko ka zo na ƙarshe shekara biyar a jere, kana nan a cikin manya. Haka kuma ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba, musaya ake yi: ka ba da babba ɗaya, a ba ka yara uku ko huɗu. Abin da ya sa yaran suke da daraja shi ne doka ta ɗaure su. Daga ranar da yaro ya shigo babbar gasa, ƙungiya ce ke da iko da shi har ya cika shekara shida. A shekaru ukun farko albashinsa bai wuce kusa da mafi ƙarancin albashi ba, dala 760,000 a 2025. A ukun da suka biyo baya yana iya kai ƙungiya gaban masu sasanci su yanke masa albashi. Sai bayan nan ya zama ɗan kansa, ya tafi inda aka fi biya. Duk lissafin sake gina ƙungiya yana kan waɗannan shekaru shida: a samu ƙwararrun yara shida ko bakwai su iso kusan lokaci guda, suna da arha, sai a sa sauran kuɗin a cike gurbin da ya rage.

To, mu duba Astros ɗin da kowa ke kafa hujja da ita. Ta sha kashi 106 a 2011, 107 a 2012, 111 a 2013. Hakan ya ba ta zaɓi na farko shekara uku a jere a zaɓen matasa, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma a lokacin wadda ta fi shan kashi ce ke farawa. Amma a cikin ukun nan ɗaya ne ya yi mata rana, wato Carlos Correa na 2012. A 2013 ta ɗauki mai jifa Mark Appel, ta bar Kris Bryant ya tafi Chicago Cubs a zaɓi na biyu. Appel bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya wa Astros a babbar gasa ba. Sai a 2022 ya fara bugawa, a Philadelphia Phillies, yana da shekara 30. A 2014 ta zaɓi Brady Aiken, gwajin lafiya ya nuna abin da bai kwanta musu a rai ba a gwiwar hannunsa, aka kasa daidaitawa. Diyyar wannan rashi ce ta ba su zaɓi na biyu a 2015, suka ɗauki Alex Bregman, sannan Kyle Tucker a na biyar. Ka ga ashe har da sa'a a ciki.

Zaɓen Correa kansa akwai dabarar da ya kamata a gane. Kowane gurbi a zagaye goma na farko yana da kuɗin da aka ƙiyasta masa, a haɗa su su zama jakar ƙungiya. In ka zarce jakar da abin da bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, tara za ka biya. In ka wuce haka sai a ƙwace maka zaɓin baɗi. Gurbin farko na 2012 dala miliyan 7.2 aka yi masa, Correa ya karɓi miliyan 4.8. Rarar ce ta ba su damar biyan Lance McCullers Jr. miliyan 2.5 a zaɓi na 41, yaron da in ba haka ba jami'a zai tafi. Da jaka ɗaya suka fito da mutum biyu da suka ci kofi da su a 2017.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka ƙirga mutanen da suka riƙe ƙungiyar waɗanda ba shan kashi ne ya kawo su ba. Jose Altuve an ɗauko shi daga Venezuela a 2007 a kan dala 15,000, bayan an raina tsawonsa, shi ne kuma gwarzon ɗan wasan American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na MLB, a 2017. Dallas Keuchel zagaye na bakwai aka zaɓe shi a 2009, ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2015. Collin McHugh ƙungiyarsa ce ta sallama shi, Astros ta ɗauke shi a ƙarshen 2013 saboda na'ura ta nuna jifansa mai lanƙwasa yana juyawa da sauri fiye da na yawancin mutane, suka ce ya riƙa yawaita shi. Framber Valdez dala 10,000 aka ba shi a 2015 yana da shekara 21, shekarun da masu zaƙulo 'yan wasa a Jamhuriyar Dominika suke ganin yaro ya tsufa. Yordan Alvarez kuwa an karɓo shi daga Los Angeles Dodgers a 2016 a musayar mai jifa Josh Fields, tun bai buga wa Dodgers ko wasa ɗaya ba. Su ma sun yi ɓarna: a Maris 2014 suka sallami J.D. Martinez bayan ya sauya salon dukansa, ba su ba shi isasshiyar dama sun gani ba, ya je Detroit ya zama tauraro. Kuma gaskiya ɗaya ce, kofin 2017 yana da tabo. Bincike ya tabbatar sun yi satar alamun da abokan hamayya ke nuna wa mai jifarsu da kyamara, aka dakatar da babban manajan ƙungiyar Jeff Luhnow da koci A.J. Hinch a Janairu 2020, mai ƙungiya ya kore su, aka ƙwace musu zaɓen zagaye na ɗaya da na biyu na shekara biyu. Duk da haka sun sake cin kofi a 2022, da masu jifan da suka raina da kansu irin su Valdez da Cristian Javier. Wannan ne ya nuna inda ƙarfinsu yake.

Yanzu kuma doka ta canja. Tun yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, gurabe shida na farko ƙuri'a ake jefawa, kuma ƙungiyoyi uku mafi muni kashi 16.5 cikin ɗari kowacce take da shi na samun na farko. Ƙungiyar babban birni, wadda ke biya cikin asusun rabon kuɗin shiga, ba ta shiga ƙuri'ar shekara biyu a jere. Shi ya sa White Sox, da ta zaɓa a na biyar a 2024, duk da kashi 121 da ta sha na goma aka ba ta a 2025. Abin da Astros ta yi a 2012 zuwa 2014 ba zai maimaitu ba.

Sai batun raino, wanda shi ne ainihin aikin. Tun 2021 kowace ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu: Single-A, High-A, Double-A, Triple-A. A ƙarƙashinsu akwai sansanin Arizona ko Florida, da gasar bazara ta Dominika inda yaran ƙasashen waje 'yan shekara 16 da 17 suke farawa. Masu zaƙulo 'yan wasa suna ba da maki daga 20 zuwa 80, 50 ne matsakaicin ɗan babbar gasa, a kan abu biyar: iya duka, ƙarfin duka, gudu, ƙarfin hannu, da tsaron fili.

Kuskuren da magoya baya suka fi yi shi ne duba alƙaluman yaro ba tare da duba shekarunsa ba. Ɗan shekara 24 da ya gama jami'a yana ragargazar yara a Single-A bai nuna komai ba. Ɗan shekara 20 da yake riƙe kansa a Double-A, ko alƙalumansa ba su burge ba, shi ne abin lura. Double-A ce matattarar gwaji, domin a nan mai duka ke fara haɗuwa da masu jifan da za su iya sa ƙwallo mai lanƙwasa a inda suke so, a lokacin da suke so. Yaro mai bin kowace ƙwallo a wajen akwati, wato yankin da jifa mai kyau ke bi ta gaban mai duka, a nan asirinsa ke tonuwa. Abin dubawa shi ne sau nawa ake fitar da shi da jifa uku, sau nawa kuma yake haƙuri har a ba shi tafiya kyauta zuwa zangon farko. In ana fitar da shi kusan sau ɗaya a cikin uku a Double-A, a babbar gasa abin ƙaruwa zai yi. Maganinsa a ƙasa ake yi, da na'urar jifa mai kwaikwayon gudun masu jifan gaske, da ba shi maki a kan ƙwallon da ya zaɓa ya daka da wadda ya ƙyale, ba a kan sakamakon dukan ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka hau da yaro sama da wannan lalura, ba shi da sararin gyara a gaban 'yan kallo dubu talatin.

Masu jifa sun fi wuyar sha'ani. Wanda zai fara wasa yana buƙatar jifa iri uku aƙalla: mai gudu, mai lanƙwasa, da na yaudara mai fitowa kamar mai gudu amma ya iso a makare. Mai iri biyu, da zarar masu duka sun gan shi karo na uku a wasa ɗaya sun gane shi, ƙarshensa ya koma cikin masu karɓar jifa a ƙarshen wasa, darajarsa ta ragu. Sannan nauyin aiki. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada a ƙara wa matashi fiye da zagayen wasa (inning) 30 a kan abin da ya jefa bara. Masana suna jayayya a kan adadin, amma kowa ya yarda hannu ba ya son tsalle. In jijiyar gwiwar hannu ta tsinke sai tiyatar Tommy John, jinyar wata 12 zuwa 18. Don haka mai son masu fara jifa biyar, ya raini goma sha biyu.

Akwai agogo biyu da ke bugawa a bayan fage. Na farko jerin mutum 40, wato 'yan wasan da ƙungiya ta kare don kada wata ta ɗauke su. Yaron da aka ɗauka yana da shekara 18 ko ƙasa, dole a sa shi a jerin cikin kaka biyar. Mai 19 zuwa sama, cikin kaka huɗu. In ba a sa shi ba, a zaɓen Rule 5 na watan Disamba wata ƙungiya za ta ɗauke shi da dala 100,000, da sharaɗin ya zauna cikin mutum 26 na babbar gasa duk kakar, ko a mayar da shi a kan 50,000. Ƙungiyar da ta tara yara masu shekaru ɗaya takan rasa gurbin kare su duka. Ƙungiya mara ƙarfi kuwa nan ce kasuwarta, tunda tana da wurin ajiye mutum ya koya. White Sox ta ɗauko Shane Smith daga Milwaukee ta wannan hanya a Disamba 2024, ya kai ga wasan taurari na 2025.

Na biyu ƙidayar kwanaki. Kwana 172 a babbar gasa su ne shekara guda. Cubs ta riƙe Kris Bryant a ƙasa a farkon 2015 har ya ƙare kakar da kwana 171, ta ci ribar shekara ta bakwai a kansa. Dabara ce mai ɓata zumunci da ɗan wasa, kuma tun 2022 an sa tukuicin ƙarin zaɓi ga ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen yaronta in ya ci kyautar sabon ɗan wasa.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne White Sox ta riga ta bi wannan hanya sau ɗaya. Ta ba da Chris Sale a Disamba 2016 ta karɓi Yoán Moncada da Michael Kopech, ta ba da Adam Eaton ta karɓi Lucas Giolito, ta ba da José Quintana a 2017 ta karɓi Eloy Jiménez da Dylan Cease. Cinikin bai yi muni ba, har sun ci wasa 93 a 2021. Amma da yawa daga cikin ƙwararrun daga gidan wasu aka sayo su, nasu gidan bai ci gaba da haifar da sababbi ba. Da Jiménez da Luis Robert da Moncada suka shiga jinya, babu na bayansu. Sun ci 81 sun sha kashi 81 a 2022, suka sha kashi sau 101 a 2023, aka kori shugabannin harkar wasa Ken Williams da Rick Hahn, aka ɗora Chris Getz babban manaja, mutumin da ya shugabanci sashen rainon 'yan wasan. Wannan naɗi, a ganina, dalili ne na sa ido.

Batun shekaru: Astros ta kai wasannin fitar da gwani a 2015, shekara huɗu da fara rushewa, kofi a ta shida. Baltimore Orioles ta sha kashi 115 a 2018, ta ci 101 a 2023 da Adley Rutschman da Gunnar Henderson, amma ƙarancin masu jifa ya mayar da ita ƙarshen rukuninta a 2025. Don haka huɗu zuwa shida in komai ya tafi daidai. Kafin nan, kada ka auna ci gaba da teburin gasa, ko da Kyle Teel da sauran yaran da aka samo a cinikin mai jifarku Garrett Crochet da aka ba Boston. Ka riƙa leƙa Birmingham Barons, ƙungiyarsu ta Double-A, ka ga ko akwai yaron zagaye na takwas ko ɗan Dominika mai arha da ya iso can yana ƙasa da shekara 22, wanda bara ba wanda ya san sunansa.