Na'urar gano kifi tana mutuwa a tsakiyar ruwa: laifin na'ura ne ko na batir?

Tambayoyin wannan makon ba na wayar hannu ba ne. Daga bakin kogi suka zo, daga masunta da masu jiragen ruwa na Yauri da Ngaski, inda kogin Kwara yake buɗewa ya zama tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. Wasu sun fara ɗaura na'urar gano kifi a jirgi, irin su Garmin da Lowrance, wadda ke aika sauti ƙarƙashin ruwa ta nuna zurfi da garken kifi a allo.

Tambaya daga wani masunci a Yauri: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya aiko min da na'urar nan daga Legas. Tana aiki lafiya, amma da zarar na murza makulli in tayar da inji sai ta ɗauke. Wani lokaci ma in igiyar ruwa ta bugi jirgi sai ta mutu. An ce jabu ce. In mayar?

Wa'alaikumus salam Baba. Kada ka mayar tukuna. Abin da ka faɗa bai yi kama da ciwon na'ura ba, yunwar wuta ce. Waɗannan na'urori da batir mai bolt 12 suke aiki, kuma yawancinsu in wuta ta sauka ƙasa da bolt 10 sai su kashe kansu. Ƙananan cikinsu ko amfiya ɗaya ba sa sha. Amma sitatar inji, a cikin 'yan daƙiƙun da take juyawa, tana zuƙar wuta mai yawan gaske, sai ƙarfin batir ya faɗi warwas sannan ya tashi. A wannan faɗuwar ce na'urarka take ɗaukewa. In batirin ya tsufa, faɗuwar ta fi zurfi.

Na ɗaukewa in ruwa ya bugi jirgi kuwa, wannan matsalar wayar wuta ce. Wani wuri yana rawa. Duba kan batir: in ka ga farin gari ko kore-kore ya taru, cire, ka wanke da ruwan zafi, ka goge da samfefa, ka ɗaure da sifana tamau, sannan ka shafa ɗan giris. Na sha ganin an murɗa wayar na'ura da hannu a kan batir an naɗe da leda. A ɗaki wannan zai kai wata yana aiki. A jirgin da ke jijjiga, ga laima, ba zai kai mako ba. Buɗe gidan fis ɗin da ke jikin jar waya ma, ruwa yakan kwanta a ciki ya ci ƙarfen. In fis ɗin ya ƙone a sa daidai lambarsa, galibi amfiya 3. Don Allah kada a cusa takardar ƙarfe ta kwalin taba a madadinsa.

Maganin da na fi yarda da shi: ka raba musu tukunya. Ka sayi ƙaramin batir mai 7Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), irin wanda ake sa wa UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, ka ba na'urar ita kaɗai, ka sa shi a robar da ruwa ba ya shiga. Ƙaramar na'ura zai riƙe ta yini guda har da saura, kuma zane-zanen da inji ke jawowa a allo za su ragu.

Tambaya daga Warra: Ina kai batir wurin masu caji ya kwana, amma awa biyu a ruwa ya mutu. Na haɗa shi da sola kai tsaye ma, duk ɗaya.

Ɗan'uwa, kafin komai nemi mitar auna bolt. Kowane mai rewaya yana da ita. Bayan an cire batir daga caji a bar shi ya huta awanni, don ma'aunin da aka yi nan take yaudara ne. Cikakken batir mai ruwa zai nuna 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. In kuwa yana zaune a wajen 10.5, to ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, babu cajin da zai tashe shi.

Kwana a wurin caji ba ya nufin cika. Batir mai 100Ah da ya sauka sosai, a kan caja mai amfiya 10, yana son sama da awa goma. In an ɗauke wuta da tsakar dare, ko mai janareta ya kashe ya kwanta, rabin ciki ka ɗauko. Batir mai dalma kuma ba ya yafe zama da yunwa: in ana barinsa ba cika, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, kullum cikinsa yana ƙanƙancewa. Shi ya sa yake "cika" da wuri, ya ƙare da wuri.

Sai batun irin batirin. Na mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa farat ɗaya, ba don a tsotse shi har ƙasa ba. Mai ɗaukar fitila da na'ura dare guda shi ne wanda aka rubuta Deep Cycle a jikinsa, irin na sola. Shi ma kada a riƙa wuce rabi.

Haɗa faifan sola kai tsaye kuwa, ka daina yau. Faifan da ake kira mai bolt 12 yana iya fitar da wajen 20, alhali batir 14.4 yake so. Ba tare da kwantirola mai daidaita caji a tsakani ba, tafasa ruwan batir zai yi, balle a zafin Afrilu na Kebbi. In ruwan ya ja baya, tataccen ruwan batir (distilled water) ake ƙarawa. Ban da ruwan leda, ban da na kogi, ban da ƙarin asid. Kuma a yi caji inda iska ke shiga, nesa da taba da jarkar fetur, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Tambaya ta ƙarshe, daga Bagudo: Ta yaya zan san injina yana cajin batir? Abokina ya ce in cire kan batir inji na tafiya, in bai mutu ba to yana caji.

Kul! Wannan gwajin yana ƙona rektifaya, wato abin da ke mayar da wutar inji irin wadda batir ke sha, kuma wutar da za ta yi tsalle tana iya tafiya da na'urarka. Ɗora mita a kan batir, ka ƙara wa inji wuta. In ma'aunin ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, yana caji. In bai motsa ba, ba ya yi. In ya haura 15, regileta mai hana wuta wuce kima ce ta lalace ko babu ita tun asali. Da yawa daga cikin injinan da ake tayarwa da igiya ba su da layin caji sam, wasu kuma wayar da ke fita wutar fitila ce mai kai-da-komo (AC), ba a ɗora ta kan batir ko na'ura sai an sa rektifaya. Ka turo min lambar da ke jikin injin naka, sai in gaya maka wanne ne.