Filin Tambaya da Amsa: Nutso da Rigar da Ruwa Ba Ya Shiga

Wasiƙun wannan mako sun karkata ga abu guda: nutso da tukunyar iska a baya, wato sikuba, musamman cikin rigar nan da masu sana'ar ke kira dirai-sut. Mu a nan za mu kira ta hana-jiƙa. Mun taƙaita tambayoyin don amsa ta sami wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sami gurbin karatu a Abadin ta ƙasar Sikotilan, kuma an ce sashenmu na fita nutso a teku. Na yi kwas ɗin farko na sikuba a Legas da rigar roba mai kama jiki. Me ya sa aka ce sai na sake koyon wata riga?
*Ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a karatun. Rigar da ka sa a Legas tana barin ruwa kaɗan ya shiga, jikinka ya ɗumama shi. A ruwan Legas hakan ya wadatar. Tekun da ke gaban Abadin kuwa a hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 10, kuma ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Sanyin Janairu da ka sani a Jos na iska ne, bargo na maganinsa. Na ruwa kafin ka farga yatsu sun sandare, sun kasa danna bawul.

Hana-jiƙa tana da roba mai kama wuya, da wata a kowane wuyan hannu, da zif mai hana ruwa, ƙafafunta kuma a rufe suke. Ba ita ke ɗumama ka ba. Iskar da ke tsakaninta da jikinka ce, tare da kayan da ka sa a ciki. Kada kayan cikin su zama na auduga, domin auduga na shan gumi ta riƙe, sai ta koma tana sanyaya ka. Akwai bawul biyu: na ƙirji, wanda tiyo ya haɗa da regiletar tukunya, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya, shi ke sa iska, na damtsen hagu shi ke fitar da ita.

Dalilin sake koyo yana cikin wannan iskar. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara maka matsin da ya kai nauyin iskar da ke kanka a bakin teku. A mita 10 iskar rigar ta tsuke zuwa rabi, a mita 20 zuwa sulusi, a mita 30 zuwa rubu'i. In kana sauka ba ka ƙara iska ba, rigar za ta matse ka, ninkinta ya riƙa mintsinin fata, ka fito da shatar jini a kafaɗu da bayan gwiwa. Don haka ake danna bawul ɗin ƙirji a taƙaice, kamar daƙiƙa ɗaya, duk bayan mita biyu ko uku, daidai abin da zai saki matsin. In kana hawa kuma iskar na kumbura, sai ka ɗaga kafaɗar hagu ta zama ita ce sama da komai, iskar ta taru can ta fice. Mita 10 na ƙarshe su ne abin tsoro, domin a cikinsu kaɗai iska ke ninkawa biyu.

Sai gwajin dalma, wato nauyin da mai nutso ke ɗaurawa a jiki don ya iya nutsewa. Hana-jiƙa na buƙatar dalma fiye da rigar Legas. Ka tsaya a saman ruwa, falmaran ɗinka na nutso, wanda ake hura wa iska don ya ɗaga ka a ruwa, babu iska, rigar ma ka fitar da abin da ke ciki, ka ja numfashi irin na kullum: ruwa ya tsaya daidai idonka. In da cikakkiyar tukunya ka gwada, ƙara kamar kilo 2, domin tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa matsin "bar" 200 tana ɗauke da iska kusan kilo 3, kuma yawancinta za ka shaƙe kafin ka fito. Kwas ɗin wannan riga a tsarin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, zama ɗaya ne a kwamin iyo da nutso biyu a buɗaɗɗen ruwa. A ganinmu wannan takarda ce kawai ta fara koyo; ka yi nutso da dama a ruwa marar zurfi kafin ka bi tsofaffin hannu ƙasa.

Tambaya: Na ji ana cewa rigar kan kifar da mutum, ƙafa sama kai ƙasa, ta harbo shi waje. Gaskiya ne, kuma mene ne abin yi?
*Ma'aikacin agaji, Tudun Wada, Jos*

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma gara da ka tambaya tun kana tudu. Iska kullum inda ya fi tsayi take nema. Mai nutso ya sunkuya zai ɗauki wani abu a ƙasa, ƙafafunsa suka fi kafaɗarsa tsayi, sai iskar ta gudu ƙafa. Bawul ɗin fitarwa yana damtse, yanzu ya koma ƙasa, ba abin da zai fita ta nan. Mutum ya fara tashi, iskar ta ƙara kumbura, tashin ya ƙara sauri. Wani lokaci ƙafar rigar kan cika har takalmin iyo ya fice.

Tushen abin yawanci dalma ce ta yi yawa. Mai dalma da yawa dole ya zuba iska da yawa don ya daidaita, babban kumfa kuma ya fi wuyar sarrafawa. Riga mai faɗi da takalmin da ya fi ƙafa su ma suna ba iska wurin taruwa. Akwai makarantun da ke koyar da daidaita jiki da rigar kanta, akwai masu cewa a sa wa riga abin da zai saki matsi kawai, sauran a bar wa falmaran. Bi abin da malaminka ya koya maka, amma a saman ruwa falmaran ake hurawa, kowa ya yarda da wannan.

In ya faru, da farko ka buga ƙafa da ƙarfi kana nufin ƙasa don ka tsayar da tashin. Sannan ka dunƙule, gwiwa a ƙirji, haɓa a ƙasa, ka yi alkafura har kanka ya dawo sama. Kana miƙewa ka ɗaga kafaɗar hagu ka saki iska. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu ne, shi ya sa ake maimaita shi a kwami mai zurfin mita biyu zuwa uku har jiki ya haddace.

Akwai haɗari na biyu: bawul ɗin ƙirji ya maƙale a buɗe, saboda yashi ko gishiri ko ƙanƙara. Za ka ji ƙarar iska ba ta tsayawa. Kada ka tsaya bugun maɓallin. Cire tiyon nan take, kuma ka saba cire shi da safar hannu mai kauri, don da ita za ka kasance ranar. In iskar ta fi ƙarfin bawul ɗin damtse, sa yatsa ka ja robar wuya ko ta hannu. Ruwan sanyi zai kwararo ciki, ba daɗi, amma iska za ta fice. In duk ya ƙi, ka baje hannu da ƙafa don ruwa ya rage maka gudu, kana fitar da numfashi ba tsayawa. Riƙe numfashi yayin hawa na iya fasa huhu ko da a ruwa marar zurfi ne. Wanda ya fito haka ya gama nutson ranar. In ya ji ciwon gaɓoɓi, ko mutuwar jiki a wani sashe, ko jiri, ko ƙuncin ƙirji, a ba shi tsantsar oksijin a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita zurfin da ya kai da tsawon lokacin.

Tambaya: Na sayi irin wannan riga a gwanjo, na kuma ari tukunya. Ina so in gwada a ɗaya daga kududdufan kuza na wajenmu, tunda na iya iyo tun ina yaro.
*Mai karatu, Bukuru*

Amsa: Don Allah, ɗan'uwa, kada ka yi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma iya iyo daban, shaƙar matsattsiyar iska a ƙarƙashin ruwa daban. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi ramuka ne, ba tafkuna ba. Gefensu a tsaye yake, yana kuma zaftarewa. Ƙasansu laka ce mai laushi: bugun ƙafa ɗaya ya isa ya mai da ruwan kamar kunu, ka kasa ganin agogon da ke hannunka. Saman ruwan na iya yin ɗumi da rana, ƙasa kuma sanyi ƙalau. Mutanen Filato sun san rayukan da waɗannan ramuka suka ci.

Akwai kuma abin da ko masu takarda kan manta. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, nauyin iskarta kusan kashi 87 cikin 100 ne na bakin teku. Jadawalin nutso na kullum, wanda ke nuna tsawon lokacin da za a iya yi a kowane zurfi, an tsara shi ne don wuraren da ba su wuce mita 300 ba. A nan naitirojin da ya shiga jini yakan fi saurin zama kumfa in an fito, don haka nutson tudu yana da nasa kwas: ana rage lokaci, ana saita kwamfutar nutso ta hannu, ba a hawa fiye da mita 9 a minti. Wanda ya taho daga yankin da ba tudu ba akan ce ya jira awa 6 kafin nutsonsa na farko.

Wannan lissafi ya shafi matafiya ma. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ce a jira aƙalla awa 12 kafin shiga jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Wanda ya yi nutso a yankin da ba tudu ba ya kamo hanyar Akwanga ya haura Hawan Kibo a mota, jikinsa bai san bambancin mota da jirgi ba. Ya yi irin wannan jiran.

Rigar gwanjon kuma sai wanda ya san aikin ya hura ta ya duba yoyo, ya buɗe bawul biyun. Tukunyar aro ma a duba ranar gwajinta da ke buge a wuyanta, a san kuma inda aka cika ta. Kwamfaresar fulkanaiza ba ta cika tukunyar numfashi.

Tambaya: Ni mace ce, ina sha'awar koyo saboda rigar na rufe jiki. Zan iya barin hijabina a ciki? Kuma da na gwada wata, wuyan ya shaƙe ni.
*Malama, Rikkos, Jos*

Amsa: Madalla, 'yar'uwa. Robar wuya dole ta kwanta a kan fata tsura. Ko bakin ƙyalle ko silin gashi ya shiga ƙarƙashinta, ya zama hanyar ruwa. Abin da ake yi shi ne a tufke gashi, a zura kai, a bi da yatsa a zagaye wuya a fitar da duk abin da ya maƙale, sannan a ɗora hular roba ta nutso, wadda ke rufe kai da kunne da wuya, fuska kaɗai a waje.

Shaƙewar kuwa kada ki yi haƙuri da ita. Roba mai tsanani tana danna jijiyoyin gefen wuya, bugun zuciya ya ragu, jiri ya zo, har suma. In fuska ta yi nauyi ko kai ya fara sarawa a minti kaɗan, cire. Sabuwar robar latas tana da zobba a jikinta: ana yanke ɗaya tak da almakashi mai kaifi, a gwada, sannan a ƙara in da buƙata. Ɗan tsagi kaɗan a baki zai yage gaba ɗaya. Mai juna biyu ba ta nutso da tukunya sam.

Tambaya: Ɗana yana da sikila, ya nace yana so.
*Uba, Dogon Dutse, Jos*

Amsa: Baba, a lallashe shi ya haƙura. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala duk suna tayar da ciwon, kuma likitocin nutso ba sa ba mai sikila izini. Mai asma, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya su ma sai likita ya duba kafin a yi maganar kwas.

Tambaya: Yaya ake ajiye rigar a irin yanayinmu?
*Mai karatu, Farin Gada, Jos*

Amsa: Wanke ta da ruwa mai daɗi, zif a rufe, a shanya a inuwa, ciki da waje. Abokan gabar latas su ne rana, turare, da man basilin da kowa ke shafawa a hunturu, don haka a wanke wuya da hannu kafin sawa, a barbaɗa wa robar hoda marar ƙamshi. Kada a rataye ta kusa da janareta ko injin lantarki. Zif na ƙarfe a goga wa haƙoransa kakin zuma daga waje, a ajiye shi a buɗe ba tare da an lanƙwasa ba, domin canza shi na cikin gyare-gyare mafi tsada a rigar. Ranar fita kuma, in rana ta take, a haɗa sauran kaya tukuna, rigar ta zama ƙarshe, kada zafi ya galabaitar da mutum tun a bakin ruwa. Bayan an ja zif, abokin nutso ya duba da hannunsa cewa ya kai ƙarshe, sannan a tsuguna a ɗan buɗe robar wuya iskar da ta taru ta fita kafin a shiga.