Amsa: Me ya sa zoben garin ƙarfe ba ya tsukewa daidai bayan gashi?

Injiniya, ka ce zobban garin ƙarfe da kuke matsawa a Kakuri, in sun fito daga tanda, tsayi da faɗi ba sa raguwa daidai, alhali lambar raguwa ɗaya ka ba su a lissafi. To, a nan gizo ke saƙa.

Tun wajen matsi abin ke farawa. Garin yana gogar bangon mazubi, sai saman zoben da ƙasansa su fi cushewa, tsakiya ta yi sako-sako idan ta sama da ƙasa ake dannawa. Inda ya yi sako-sako kuwa ya fi tsukewa a wuta. Ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ma matsi ya baje su, shi ya sa raguwar tsaye daban, ta kwance daban.

Ka yanki samfuri biyu, na tsaye da na kwance, ka auna da dilatomita, na'urar da ke auna canjin tsayin abu yayin da ake zafafa shi, har digiri 1120 a ma'aunin Salshiyas. Kowanne ka ba shi lambarsa a kwamfuta, haɗe da taswirar da ke nuna inda zoben ya cushe da inda ya yi sako-sako.

Af, akwai jan ƙarfe a haɗinku? Yana narkewa wajen digiri 1085, ya kutsa tsakanin ƙwayoyi, zoben ya kumbura maimakon ya tsuke. Ƙarin girafait, wato baƙin sinadarin da ke cikin fensir, yana rage kumburin.