Tambaya da Amsa: Maganin da Ya Yi wa Ɓera Aiki Zai Yi wa Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. An turo mini labari a WhatsApp wai an gano maganin da ke rage lalacewar ƙwaƙwalwa a jikin ɓeraye. Ana samunsa a kantin magani a nan Saudiyya? — Mai karatu daga Jidda

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ba a samunsa, kada ki ɓata riyal ɗinki wajen nema.

Ga yadda ake gwajin. Ana sa wa ɓera maganin barci, a zura siririn zaren nailan ta jijiyar wuya har ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Bayan minti 60 zuwa 90 a zare shi, a ba da magani, daga baya a auna wurin da ya mutu. To, ɓeran nan yawanci matashi ne, ba hawan jini, ba ciwon sukari, kuma nan take ake ba shi maganin. Dattijonmu kuwa sai ya kwana a gida ana shafa masa man zaitun kafin a kai shi asibiti.

A 2006 masu bincike sun ƙidaya magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada, 114 ne kawai suka kai ga gwaji a jikin mutane. Wani magani mai suna NXY-059 ya yi abin mamaki a dabbobi, amma da aka gwada shi a kan marasa lafiya fiye da 3,000, sakamakon 2007 ya nuna bai tsinana komai ba.

Abin da ya tabbata shi ne buɗe jijiyar da wuri. Ana yin allurar alteplase, mai narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar, cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, miligiram 0.9 a kowane kilo na nauyin jiki, ba a wuce 90. Wasu ana ciro musu gudan jinin ta bututu har zuwa awa 24. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT tukuna, domin in jijiya ce ta fashe, allurar ƙara zubar jini za ta yi. Shi ya sa ba a ba da asfirin a gida.

Baba ya wuce wannan lokacin. Yanzu a dage da gashin ƙashi da shan maganin hawan jini kullum. In baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a duba agogo, a kira motar asibiti ta lamba 997, kada a ba shi ko ruwa.