Amsa ga mai son shiga duwatsun Jura da keke

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Wannan muryar ta ƙanenmu ce, ɗalibin nan na birnin Besançon a gabashin Faransa da ya ce ya sayi keken hawan dutse na hannu, yana so ya yi kwana huɗu a duwatsun Jura a hutun Afrilu, yana tambayar me zai shirya. Za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Ƙanena, da farko dai Afrilun nan ka ɗaga shi. Kada zafin ranar da kake gani a Besançon ya ruɗe ka. Can saman, daga Mouthe zuwa Les Rousses, kana kusan mita 1,000 ne ko fiye, kuma a Afrilu dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a cikin daji ba, inda ta narke kuma taɓo ne zalla. Mouthe ɗin nan ai a can aka auna sanyi mafi tsanani da hukumar yanayi ta Faransa ta rubuta, digiri 36.7 ƙasa da sifili, a Janairun 1968. Ka bari sai tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba. Bayan nan mafarauta sun shiga daji.

Hanyar da za ka bi, sunanta Grande Traversée du Jura, a taƙaice GTJ, haka za ka gani a jikin alluna. Ta taso daga Mandeure kusa da Montbéliard, ta gangara kudu har Culoz, kusan kilomita 400. Kai kwana huɗu gare ka, to yanki tsakiyarta. Hau jirgin ƙasa daga Besançon zuwa Morteau, ka bi ta wajen Pontarlier, Métabief, Mouthe, Chapelle-des-Bois, ka ƙare a Les Rousses. Alamar hanyar keke a Faransa wata 'yar kusurwa uku ce da da'ira biyu a gindinta, inda tsininta ya nuna nan za ka bi. Amma ka sauke taswirar a wayarka tun daga gida, don cikin kwari sabis yana ɗaukewa. Kuma kada ka yi lissafi da kilomita kaɗai, ka duba yawan hawa. Kilomita 40 zuwa 45 da hawan mita 900 zuwa 1,000 a yini, da kaya a baya, ya ishi mai farawa. Wanda ya ce maka 70 ba komai ba ne, a kan kwalta ya saba.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, maganar dutsen kansa. Jura dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙowa a yi siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ta Nijar. In ya bushe, taya tana kama shi sosai, ka hau abinka cikin kwanciyar hankali. Da ruwa ya taɓa shi, ko da raɓar safiya ce a ƙarƙashin bishiyoyi, sai ya koma kamar an kwara masa miyar kuɓewa, musamman inda ƙafafu da kofato suka goge shi ya yi sumul, ga saiwoyin bishiya a kwance a kansa. Yawancin faɗuwa a nan take faruwa, kuma dalilin ɗaya ne: mutum ya ga dutse ya tsorata, ya damƙe birkin gaba yana kan dutsen. Ka rage gudu tun kana kan ƙasa, kafin ka isa. Da tayar gaba ta hau dutsen, saki birki, bar keken ya wuce a miƙe, kada ka karya kwana a kai. Saiwa kuma ka tsallaka ta kai tsaye, in ka zo mata a karkace za ta kwashe maka tayar gaba. A gangara ka sauke sirdi ƙasa, ka miƙe a kan feda, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, yatsa ɗaya a kan kowane birki, idonka can gaba inda kake son zuwa. Wurin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, sauka ka tura. Kana da kaya a baya, asibiti kuma da nisa.

Bayan ruwan sama mai ƙarfi, ni a ganina gara ka yi asarar rabin yini. Tsakanin duwatsun akwai yumɓu mai danƙo. Yana naɗe taya har ta daina juyawa, ya cika sarƙa, kai kuma kana ta danna feda da ƙarfi, sai abin canza giya na baya ya shige cikin wili, ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a jikin keken ya karye. Da ka ji feda ta yi nauyi fiye da kima, tsaya, sami tsinke ka kankare. Wannan ɗan ƙarfen kuwa ka sayi na biyu ka sa a jaka. Kowane keke da irin nasa, ba za ka same shi a ƙauye ba, kuma in ya karye tafiya ta ƙare.

Taya. Bakin dutsen nan yana da kaifi, gefen taya yake yanka. Nemi mai faɗin inci 2.3 ko 2.4, mai manyan haƙora da gefe mai kauri. In wilinka zai ɗauki marar tib, yi haka: a zuba ruwan like huji kamar mililita 100 a kowace taya, iska kuma ga mai nauyin kilo 70 zuwa 75, a ma'aunin bar da ke jikin famfo, 1.6 a gaba, 1.8 a baya. In da tib za ka tafi, ƙara zuwa 2 ko 2.2, in ba haka ba duk dutsen da ka daka zai matse tib ɗin da bakin wili, ka ga huji biyu jere da juna. Kada kuma ka cika ta tam yadda ake yi wa keken gari, tsalle za ta riƙa yi a kan dutse maimakon ta kama. Ko marar tib ce, riƙe tib ɗaya ko biyu, da faci da sholisho, da famfo, da ɗan yankin tsohuwar taya da za ka tokare yanka daga ciki.

Tunda keken na hannu ne, kafin komai kai shi wajen mai gyara. A cire takalman birki a duba, in abin da ya rage bai kai milimita 1 ba a canza, ka kuma riƙe wasu a jaka, don taɓo da tsakuwa suna cinye su da sauri. Sababbi kuma kada ka shiga gangara da su kai tsaye, ka yi gudu ka ja birki sau 15 zuwa 20 a fili tukuna. In birkin na mai ne, a kula: na Shimano man ma'adini yake sha, yawancin tsofaffin na SRAM kuma man DOT, in aka haɗa robobin ciki sun lalace. A auna sarƙa, in ta miƙe a canza. Sayi ƙullin sarƙa mai ɓallewa daidai da yawan giyarka, da ɗan alanki mai baki da yawa wanda yake da abin yanke sarƙa. A doguwar gangara kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, farantin zai yi zafi birkin ya saki. Ja da ƙarfi, saki, sake ja. Hular kwano da safar hannu ba sai na faɗa ba. Yauwa, in kana so ka koyi gangara kafin tafiyar, je Métabief yini ɗaya. A can aka yi gasar duniya ta keken dutse a 1993, da rani akwai na'urar da ke hawar da mutum da kekensa, hanyoyin kuma an raba su da launi: kore, shuɗi, ja, baƙi. Ka tsaya a kore da shuɗi.

Sai ruwan sha, kuma wannan ma dutsen ne. Za ka ga ko'ina kore shar, ka ɗauka rafi na nan a kowane kwari. Babu. Dutsen farar ƙasa duk ramuka ne da tsage-tsage, ruwan sama yana sauka ya shige ƙasa, sai ka yi awanni a saman tudu ba ka ga ɗigo ba. Fita da lita 2 zuwa 3, ka cika a duk ƙauyen da ka shiga. Famfon da aka rubuta wa "eau non potable" ba na sha ba ne. Idon ruwa kuma, komai haskensa, kada ka sha sai ka sa ƙwayar tsabtace ruwa, saboda a irin wannan dutsen ruwa ba ya tacewa, gudu kawai yake a cikin rami. A 1901 masana'antar barasa ta Pernod da ke Pontarlier ta kama da wuta, barasar ta kwarara cikin kogin Doubs, bayan kamar kwana biyu aka ji ƙamshinta a idon kogin Loue, a wani kwari daban. To ka tuna saman tuddan nan duk makiyayar shanu ce, abin da suka zubar ta nan yake bi.

Shanun kuma su ne arzikin mutanen wurin, da madararsu ake cukun Comté. Hanya za ta ratsa da kai cikin makiyaya. Duk ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe, wayar da ke zagaye da su akwai lantarki, kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗanta. In babban karen garke ya taso maka, kada ka gudu, sauka ka sa keken tsakaninka da shi, ka wuce a hankali. A dazukan Risoux da Massacre akwai dokar kare wani babban tsuntsun daji da ya kusa ƙarewa, daga 15 ga Disamba zuwa 30 ga Yuni ba a barin hanyar da aka yi wa alama, kuma ana cin tara.

Kaska tana da yawa a ciyawar yankin, tana kuma ɗauke da cutar Lyme. Sayi ɗan ƙugiyar cire ta a kantin magani, kowane dare ka duba bayan gwiwa, hammata da ƙugu. Ka murɗo ta a hankali, ban da mai, ban da ashana. In bayan kwanaki ko makonni ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ga likita.

Masauki ka kama tun da wuri, Yuli da Agusta cika suke yi. Lokacin da kake kamawa ka gaya musu ba ka cin alade, don tsiren Morteau da suke alfahari da shi naman alade ne, kuma yana shiga abinci da yawa. Shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana da yammacin Lahadi, saboda haka dabino, gyaɗa, burodi da cuku su kasance a jaka. Rigar ruwa da ta sanyi ko a Yuli, kuma ka fita da sassafe don hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar. Takardar zamanka ta kasance a jikinka, hanyar tana goga iyakar Suwizalan. Lambar gaggawa 112. In da hali kada ka tafi kai kaɗai, in kuma dole ne, kullum da safe ka rubuto a nan inda ka nufa. Dawowa, akwai tashar jirgi a Morez ƙasan Les Rousses, amma jiragen kaɗan ne, duba jadawali kafin ranar. Turo mana hoton gefen tayarka inda aka rubuta lambobi, da na birkin, da na abin canza giya na baya, sai a gaya maka abin da za ka saya. Allah Ya tsare hanya.