Ɗan yayana yace abokansa ne 'yan uwansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki bani shawara don wlh abin nan ya tsaya min a rai. Ɗan yayana ne a hannuna, shekararsa 16, anan Jidda aka haifeshi, babansa ya rasu tun yana ƙarami uwarsa kuma akayi tarhil da ita, wato aka mayar da ita gida, saboda ba igama (takardar izinin zama), yanzu tana Kano sai dai a waya, shi kansa takardunsa basu cika ba. Da a Karantina muke, da aka rushe unguwar muka koma can nesa inda bai san kowa ba, tun daga nan yaro ya canza baya magana baya cin abincin gida har tahfiz ya daina zuwa. Kullum yana wajen wasu abokansa uku da suka taso tare, wani lokacin a gidan ɗayansu yake kwana, uwar yaron yake kira Umma. Rannan na masa faɗa sai yace min "Goggo ai sune 'yan uwana". Ni da nake aikatau don in ciyar dashi! Maigidana yace in rabasu ko da ƙarfi ne. Ya zanyi?
Daga Goggon yaro, Jidda

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya biyaki riƙon maraya. Nasan maganar ta miki ciwo, ko ni ce sai nayi kuka. Amma dan Allah karki rabasu, ba yanzu ba dai.

Ki duba abinda yaron nan ya rasa. Uba ya tafi, uwa tayi nisa, sannan rusau ɗin da akayi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, wanda ya haɗa da Karantina da Gulail da Sabil da Kandara, ya watsa masa maƙwabta da mai baƙalan (kantin unguwa) da ya san sunansa da lungun da suke buga ƙwallo. A duk rayuwarsa ta da, ke ce da yaran nan uku kawai kuka rage. Sun san fuskar uwarsa, sun ci abincin hannunta, idan yayi shiru a cikinsu basa tambayarsa me ya sameshi don sun riga sun sani. Ke kuma kina fita tun asuba ki dawo a gajiye, ba laifinki bane wlh, amma yaro mai shekara 16 akwai abinda bazai iya faɗa wa goggonsa ba ko yana sonta kamar me.

Kuma wannan ba baƙon abu bane a addininmu. Da akayi hijira, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar a Madina saboda sun baro dangi da dukiya a Makka, ya haɗa Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'i har Sa'ad yace a raba dukiyarsa biyu. Daga baya ƙarshen Suratul Anfal ya mayar da gado ga dangin jini amma zumuncin yana nan, kinga kenan kowa da matsayinsa, ba wanda ya ƙwace miki naki. Mu kanmu kakanninmu da suka keto Chadi da Sudan a ƙafa suka tsallako teku ta tashar Suwakin, wa suka tarar anan? Abokin tafiya ne ya zama kawu, maƙwabciya ta zama inna, da yawanmu har yau bamu san ba jini ɗaya muke dasu ba.

Sai dai ba cewa nayi ki rufe ido ba, kin san hadisin da ya kwatanta abokin kirki da mai turare, abokin banza kuma da maƙeri. Ki kirasu ranar Juma'a bayan masallaci ki musu kabsa ko tuwo da miyar kuka, ki barsu suyi hirarsu kina jiyowa, a zama biyu zaki gane irinsu. Sannan ki shirya kije gidan Umman nan da ɗan turarenki ki mata godiya ki karɓi lambarta, duk daren da ya kwana can kin san inda yake.

Abinda zai tsoratani shine ki ganshi da kuɗi ko sabon jawwal (wayar hannu) da baki san daga ina ba, ko yayi kwanaki ba barci yana ramewa, domin irin haka miyagun ƙwayoyi kamar kabtagon da shabu suke yiwa mutum, kuma kin san hukuncin ƙwaya a ƙasar nan ba wasa. Ko ace akwai wani babban mutum a cikinsu mai kashe musu kuɗi. Idan kinga haka, ko kikaji yana cewa ya gaji da rayuwa, karki ɓoye, ki gayawa uwarsa da Umman ki nemi likita, akwai kuma layin taimakon yara 116111.

Maigidanki ki lallaɓashi ki nuna masa ƙarfi titi zai tura yaron, ga ba takarda. Zancen tahfiz ki ɗan jinkirta, wataƙila idan abokan zasu je shima zai bisu. Ki sake rubuto min bayan kinje gidan Umman, inaso inji yadda ta karɓeki.