Amsoshin Tambayoyinku: Ciniki da Zumunci ta Wayar Hannu

Wasiƙar farko ta fito daga wata baiwar Allah a Garwa da ke arewacin Kamaru, mai sana'ar turaren wuta da humra a cikin gida. Ta ce 'yarta ta matsa mata ta buɗe shafin Facebook domin ta ƙara samun masu saye, amma karatunta bai yi nisa ba, kuma tana tsoron kada hotonta ya bazu a duniya.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin wannan tsoro naki yana da amfani. Kafafen sada zumunta manhajoji ne da ke haɗa mutum da waɗanda ya sani, sannan da waɗanda su kuma suka sani, amma kowace da irin tsarinta. Facebook, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 2004, fili ne da baƙo zai iya leƙowa, shi kuwa WhatsApp da lambar waya yake aiki, kuma yana ɗaukar saƙon murya, saboda haka rashin iya rubuta Faransanci ba zai hana ki ciniki ba. Shawarata ita ce ki fara da WhatsApp Business, wato WhatsApp na 'yan kasuwa, wanda ya fito a 2018 kuma kyauta ake sauke shi, ki sa masa layi na dabam, na MTN ko na Orange, wanda ba shi ne na zumuncin dangi ba. Ki jera kwalaben humra a kan farin ƙyalle kusa da taga da hantsi, 'yarki ta ɗauki hotonsu ta rubuta farashi a ƙarƙashin kowace, fuskarki kuwa babu abin da ya haɗa ta da tallar. Abin da kika ɗora a sitatus yana yin awa 24, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kaɗai ke ganinsa, don haka duk wadda ta sayi turarenki a gidan biki ki roƙe ta ta ajiye lambarki. Facebook zai iya jira.

Wani matashi tela daga Marwa yana tambaya ko ya biya sefa dubu goma a ƙara masa mabiya dubu biyar a TikTok. Ɗana, da ka tambayi maigidanka a shago da ka hutar da ni. Yawancin mabiyan da ake sayarwa asusun bogi ne, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da zai kawo maka ɗinkin sallah. Ka sayi zare da kuɗin, ka riƙa nuna aikin wuyan kaftanin da ka gama.

Wasiƙar da ta fi damuna ta wani Alhaji ce daga Ngaundere. Ya ga shafi a Facebook yana tallar shadda a rabin kuɗin da ake sayar da ita a kasuwa, mai shafin ya ce yana Duwala, kuma ya nemi a tura masa rabin kuɗin ta waya kafin ya sa kayan a mota.

Alhaji, kada ka tura ko sisi. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da kwastan da kuɗin mota ke ci kafin bandir ɗaya ya iso arewa, to ta wace hanya mutum zai sayar a rabin kuɗi ya kuma ci riba? Buɗe shafi ba ya cin ko dala, hotunan kaya kuwa ana kwaso su daga shafin wani cikin minti guda. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da zai murza shadda a hannu, ya ɗaga ta a rana, ya yi rabin awa yana tayi a kasuwa, zai ɗauki dubu hamsin ya aika wa wanda bai taɓa jin muryarsa ba, don kawai ya ga hoto mai sheƙi da addu'a a saman shafi. Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu ba su taɓa ba baƙo bashi sai da maigida a tsakani, wanda ya san mai saye ya san mai sayarwa, kuma wannan ƙa'ida tana nan daram a ciniki ta waya. Ka nemi ɗan uwa a Duwala ya je ya ga shagon da idonsa. Idan babu, ka kira mutumin ta bidiyo ya nuna maka shagon da kayan a lokacin, ka kuma duba bayanan shafin, domin Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafi da sauye-sauyen sunan da aka yi masa. Ko da kayan sun iso, ka kwance su a tashar mota kafin ka biya kuɗin, saboda akwai shaddar jabu da ke zubar da ƙyallinta a wankin farko.

Tun da maganar ta kawo mu nan, bari in ƙara jan kunne ga kowa. Idan wani ya kira ya ce ya turo maka wasu lambobi shida bisa kuskure, ka karanto masa, to asusunka na WhatsApp yake son ƙwacewa, daga nan ya bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kuɗi da sunanka, har da cewa kana kwance a asibiti. Ka shiga saitin manhajar ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Haka nan saƙon da ke cewa an shigo maka da kuɗi a asusun kuɗinka na waya, Orange Money ko MoMo, bisa kuskure, kada ka mayar da komai sai ka duba asusunka da kanka, lambar sirrinka kuwa ko wanda ya ce daga kamfani yake kira bai cancanci jin ta ba. Kamaru tana da dokar laifukan intanet tun watan Disambar 2010, akwai kuma hukumar ANTIC da ke lura da wannan fanni, saboda haka wanda aka cuta ya adana saƙonnin da lambar wayar ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. Sai dai kada in ɓoye muku, kuɗin da aka riga aka cire da wuya su dawo.

Wata ɗaliba da ta gama jami'ar Ngaundere tana tambaya ko LinkedIn, kafar sada zumunta ta ma'aikata da kamfanoni, yana da amfani wajen neman aiki. Yana da shi, 'yata, musamman ga ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni. Ki rubuta karatunki da ƙwarewarki da Faransanci mai kyau, da Turanci idan kin iya, amma duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ki aiki ki rabu da shi.

Na ƙarshe shi ne wani mai sayar da takalma a Kusiri, wanda yawancin masu sayensa suna hayin Injamena, babban birnin Chadi, yana so ya saki shagon haya ya koma talla ta waya kaɗai. Malam, ka riƙe shagonka. A Chadi an toshe kafafen sada zumunta daga watan Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019, kuma ko ba a toshe ba ana sace waya, ana rufe asusu. Ka ci gaba da tallar a waya, amma ka sayi littafi ka rubuta sunaye da lambobin masu sayenka, ka ajiye shi a shago.